Shekarar da Aka Ba Ni Biro In Auna Ɗan Jami'a

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin ana cewa bakin ubanku ne ya tashe mu daga unguwarmu ta bayan Darini ya kawo mu ɗakin haya a Batsari. Wasunku sun yi faɗa a kan wannan magana, ɗayanku har da fasa wa wani leɓe a tasha. To, ku daina faɗan, don maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Abin da nake so shi ne ku ji yadda aka yi daga wurin mai bakin, kafin in tafi a bar ku da labarin masu ƙari. Karatuna kun san iyakarshi. Aji uku na yi, shi ma na ukun rabinshi a kan kanya na yi shi, ina leƙen malam ta taga. In kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi, yadda kuke tallafa ni in zan hau babur.

Shekarun nan ne da noma ya koma kamar sata. Gonakinmu na nesa, waɗanda kakanni suka sare, mun bar wa mutanen daji, don wanda ya matsa ya je, ko dai a ɗauko gawarshi ko a bugo waya a ce yana hannu. Abin da ya rage mana 'yan filayen bayan gida ne, fako tsantsa, ruwa na sauka ya wuce ko sallama babu. Takin zamani ya yi tsadar da sai dai ka je kasuwa ka gaishe shi ka dawo. Fulanin da muke tare tun iyaye da kakanni, masu kwantar mana da shanu a gona da kaka, su ma an kwashe nasu, wasu sun yi kudu, waɗanda suka rage suna noma kamar mu, suna gudu kamar mu. Uwarku Asabe ta mai da tuwo sau ɗaya a yini, in na yi ƙorafi ta ce ai azumin nafila nake ta alkawari tun muna Zakka gidan iyayenta, ga shi Allah ya kawo mani har gida.

Ana cikin haka, da bazara, sai ga wata mata daga jami'a a ƙofar mai unguwa, ana ce mata Dakta Binta. Ba ta zo da buhu ko ɗaya ba, shi ya sa rabin taron ya watse tun ba ta gama gaisuwa ba. Mu da muka tsaya, don rashin abin yi, ta yi mana bayani. Ta ce ɗalibanta masu karatun noma da ke shekarar ƙarshe, a da sukan zauna a ɗaki su rubuta littafi a kan manomi, ba su taɓa shan ruwan randarshi ba, a ba su digiri. Ita ce ta dage sai an canza. Yanzu kowane ɗalibi sai ya tare a ƙauye damina guda, ya ɗauki matsala ɗaya ta gaske ya yi aiki a kanta tare da mutanen wurin. In an gama, malamai za su ba da maki saba'in cikin ɗari, sauran talatin kuma suna hannun mutanen ƙauye. Tana son mutum ɗaya da zai riƙe biro a madadin kowa. Sai duk aka juyo ana kallona, saboda na shekara arba'in ina cika baki a dandali cewa da ba a cire ni daga makaranta ba da yanzu ni ke shari'a a Katsina. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, har da biro mai murfi.

Ɗalibin da ya faɗo mana sunanshi Sadisu, dogo siriri kamar karan dawar da ruwa ya tsallake. Da na tambayi garinsu ya ce Haɗeja, sai na ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo mani bawa har gida ban je kasuwa ba. Bai ko tsaya tunani ba ya ce ai shi labari ya ji bayin kakanshi sun manta noma, ya zo ya tuna masu. Tun daga nan na san za mu shirya. A zaurenmu ya sauka. Asabe ta damu da abin da za ta ba mutumin da aka yaye da kifi, shi kuwa ya cinye tuwon da miyar kuka marar mai, ya suɗe kwano ya ce a ƙara. Sau biyu ana ihun ga su nan da rana tsaka, muka ruga tare da shi, sau ɗaya har ya bar takalmi a hanya. Bayan na biyun na ce mashi ya koma gida, rai ya fi takarda. Sai ya faɗa mani ubanshi ya rasu tun yana sakandare, yayarshi mace ce ke riƙe da karatunshi da suyar ƙosai, kuma karatun shekara biyar ne yajin aiki ya ja shi ya kai bakwai. Ya ce ta gaya mashi ƙarfinta ya tsaya a bana. In bai fita bana ba, ba sauran wata shekara.

Aikin da ya kawo ba wani abin mamaki ba ne a ido. Gida goma sha biyu muka shiga. Kowa aka raba mashi filinshi biyu da igiya da turaku, gefe ɗaya ka yi nomanka yadda ka gada, ɗaya gefen a bi ta Sadisu. Tashi kuwa ramuka ce. A haƙa rami kamar faɗin ƙwarya a jikin fakon, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba tafi biyu na kashin awaki da toka da duk abin da juji ya ruɓar, in an yi shuka ta fito a ɗebo takin zamani cikin murfin kwalbar lemo, murfi ɗaya rami ɗaya. Kwano biyu na taki sai ya ishi abin da da buhu ke ci. Amma haƙan, wayyo bayana. Mati, maƙwabcina, wanda tare aka yi mana kaciya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an haƙa wa gero kabari tun bai mutu ba. Shi dai Matin ne kuma ya hana yaron shuka da ruwan farko. Littafi ya ce a shuka, Mati ya duƙa ya tura yatsa a ƙasa ya ce wannan ruwan mayaudari ne, a jira. Na zaci ɗan jami'a zai yi gardama. Sai ya zauna a ƙasa yana tambayar Mati yadda ya gane, yana rubutawa. Aka yi kwana goma sha tara ba ɗigo. Daga ranar Mati ya daina ce mashi ɗan boko, ya koma ce mashi ɗana.

Geron ya yi. Ban san yadda zan faɗa maku ba sai haka. Gefen gado ya fito yadda ya saba, kamar gemuna, nan akwai nan babu. Gefen ramuka kuwa ya tashi baƙi ƙirin, zangarniya kamar damtsen ƙato. Da farko murna muke. Da ya fara nuna sai murnar ta koma kallon hanya.

A nan sai na tsaya in gaya maku wani abu na gidanmu, don ku da kuka tashi da waya a hannu ba lalle ku san nauyinshi ba. A wurinmu ba a faɗin yawan dami. Kakana, wanda bai fara salla ba sai da furfura ta cika mashi kai, in ana ɗaurin gero tsakuwa yake jefawa a aljihu, dami ɗaya tsakuwa ɗaya, bakinshi a rufe. Ya ce hatsi yana da kunne, in ya ji an ambaci adadinshi sai albarkar ta tashi. Da aka musulunta ba a bar wannan ba, sai dai aka ce gudun baki ne. Ko zakka a zuci mutum ke lissafinta ya fitar ya kai inda za ta. Ka tambayi ɗan'uwanka ciki ɗaya nawa ya samu, zai ce maka an gode Allah, kai ma ka san ka yi rashin kunya da ka tambaya. To a shekarun nan sai abin ya ƙara samun dalili mai jini a jika. Akwai infoma ko'ina, ba ka san wanda ke sayar da kai ba, ƙila mai shayi, ƙila wanda kuka yi sahu ɗaya da asuba. Duk unguwar da aka ji tana da hatsi, saƙo na zuwa.

Shi kuwa Sadisu aikinshi duka a kan ƙirga yake. Yana da littafi mai baƙin bango, kowane magidanci da sunanshi da shafinshi. Ana gab da girbi aka kira ɗaliban makaranta na kwana goma. Ya roƙe mu, in mun yanke, mu tara damman kowane gefe daban, kada mu kai rumbu sai ya dawo da sikeli. Muka ce to. Da aka ɗaure aka jera, sai tsibin ramuka ya tsaya kusa da ɗan'uwanshi kamar raƙumi da jaki. Mati ya tara mu gindin tsamiya bayan la'asar. Shi bara waccan aka ɗauke ɗanshi babba a hanyar gona, sai da ya rabu da shanun huɗarshi biyu kafin a sako shi, kuma yaron bai ƙara zama daidai ba. Ya ce shi bai ƙi Sadisu ba, amma littafin nan gari zai tafi, daga hannu zuwa hannu, da sunan kowa da adadin kowa. Wa ya san inda zai kwana?

Dabarar tawa ce, kada wani ya ɗauke mani. Na ce abu mai sauƙi, kowa ya rage babban tsibin ya kai rumbu har ya yi daidai da ƙaramin, in yaro ya zo ya auna abin da ya gani, shi ya rubuta, mu mun huta. Kowa ya yaba hankalina. Abin da ban hango ba shi ne halinmu. Kowa ya je ya rage har ya daidaita, sai ya tsaya ya duba, zuciya ta ce ƙara rage ɗaya don kada a gane, ya ƙara, ta ce ƙara wani don tsaro. Ni da na kawo shawarar sai da na ƙara uku. Da Sadisu ya dawo ya rataya sikelinshi a reshe, gida goma sha biyu, babu inda gefen ramuka ya kamo gefen gado. A takarda, wata biyar na haƙa da bautar juji sun haifar da asara.

Ya sauke sikelinshi ya shige zaure. Washegari da hantsi ya same ni ina gyaran ƙotar fartanya, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya zauna.

"Baba, kafin in tafi na bi gonarka layi-layi na ƙirga zangarniya. Ina geron ya tafi?"

Na ce tsuntsaye, bana sun yi yawa.

"Wane irin tsuntsu ne wannan na Katsinawa, mai ɗaukar dami har da igiyar ɗaurinshi?"

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Sai na tashi na ja shi bayan gidan Mati, na nuna mashi turaku biyu da ba komai a jikinsu, ciyawa har ta fito inda shanun ke kwanciya. Na gaya mashi komai, tun daga tsakuwar kakana har taron gindin tsamiya. Ya daɗe yana kallon turakun. Ya ce da mun gaya mashi tun farko da bai rubuta sunan kowa ba, kuma shi ma da laifinshi, wata biyar yana cin tuwonmu bai taɓa tambayar me ya sa ba wanda ke amsa mashi in ya ce bara nawa aka samu. Na ce to ya rubuta abin da sikeli ya nuna mana, ai ba shi ya yi ƙaryar ba.

"Ba zan rubuta ba, Baba. Wani zai karanta ya ce ramin ba ya aiki, ya hana wani ƙauyen da ke jin yunwa. Gaskiyar kuma ba tawa ba ce, balle in bayar."

Ya shiga gida ya yage shafukan sunaye, har da inda ya ƙirga zangarniya, ya miƙa wa Asabe. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta tura su a murhu.

Ranar aunawa a Batsari aka yi, cikin wani ajin firamare, don malaman ba za su iya shiga ƙauyuka ba. Kafin in hau babur Mati ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce in ba yaron talatin ɗin duka, in yabe shi har ya ji kunya, amma gero in bar shi inda yake. Na ce na ji. Ya biyo ni a wani babur ɗin, na san don ya tsare bakina ne. Ɗalibai biyar ne, kowa da dattijon ƙauyenshi. Dakta Binta ta sa aka bar ƙofa da tagogi a buɗe, ta ce aikin jama'a a gaban jama'a ake auna shi. Ranar kasuwa ce kuwa. 'Yan acaɓa da masu talla da waɗanda ba su da abin yi suka cika tagogin har iska ba ta shiga. A gaba ga malamai uku, a tsakiyarsu wani tsohon Farfesa da aka ɗauko daga wata jami'ar, don kada a ce an yi son kai.

Sadisu ne na ƙarshe. Ya yi bayanin ramuka da murfin kwalba, ya faɗi yadda wani dattijo ya hana shi shuka da ruwan farko. Da aka zo kan girbi sai ya ce bai samu adadin da zai iya tsayawa a kanshi ba, kuma laifinshi ne. Aka juya tambayar ta nan, aka juya ta can, bai ƙara ko harafi ba. Dakta ta sunkuyar da kai. Farfesan ba mugu ba ne, a hankali yake magana. Ya ce ya ga ɗalibai da yawa da in girbi ya zo tsoro ke sa su laɓe a gari, bai ga laifinsu ba, shi ma da haka zai yi, amma ƙa'ida ita ce aikin da ba shi da sakamako sai a maimaita shi wata daminar. Na kalli yaron. Yana tsaye da hannu a baya, bai ko waiwayo inda nake ba. Da ya waiwayo da ƙila na tsira.

Aka ce wakilin unguwa ya kawo makinshi. Na miƙa takardata da talatin ɗina, na kwana biyu ina koyon yadda zan zana ukun kada ta kwanta. Farfesa ya duba ya yi murmushi, don dattawa huɗun da suka riga ni duk talatin suka bayar.

"Baba, wannan talatin ta kirki ce ko ta aiki? In ta kirki ce mun gode, amma ba a ba da digiri a kan kirki. Faɗa mani abu ɗaya da yaron nan ya koya a wurinku, wanda bai zo da shi ba."

Na ji idon Mati a ƙeyata. Na tuna mai suyar ƙosai da ban taɓa gani ba. Na buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ya koyi rufe baki, abin da ni na shekara saba'in ban koya ba. Geron ya yi. Ni na sace abina da hannuna kafin ya zo da sikeli. A gonata gefen gado dami takwas, gefen yaron nan goma sha biyar. Ya sani, ya gwammace ya faɗi jarrabawa da ya tona ni."

To, ku saurara da kyau, don saboda wannan wurin na ɗauki biro. Har zuwa nan ina iya tsayawa gaban Ubangijina da abin da na faɗa. Gonata ce, gerona ne, wuyana ne. Da na zauna a nan, da yaron ya fita, kuma ba wanda na taɓa sai kaina. Amma ajin ya fashe da dariya. Farfesa ya cire tabarau yana share ido, mutanen taga suna tafi. Kun san ni da dariya, kamar akuya ce da dusa. Tun ina yaro ban taɓa jin an yi mani ita na iya tsayawa ba, balle yau manyan malamai ne ke yi wa ɗan aji uku. Sai na ci gaba. Na ce ai ba ni kaɗai ba, gida goma sha biyu ne. Na kwaikwayi yadda Mati ke sanɗa da dami a ka yana waige-waige. Na ambaci sunaye. Na ce bana a unguwarmu ba rumbun da bai cika ba sai na wanda ba shi da rumbu.

"Baba, ya isa."

Sadisu ne ya faɗa, a hankali. Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi tagogin da kyau, na ga fuskokin da ban sani ba sun fi waɗanda na sani yawa. Na waiwaya, inda Mati ke zaune ba kowa.

Yaron ya ci, da maki mai kyau ma. Farfesan da ya fahimci abin da ya faru ya hana a rubuta ko kalma ɗaya daga maganata, ya ce shirun da ɗalibin ya yi ya ishe shi shaida. Amma abin da ya fita ta taga ba a kamo shi. Bayan mako uku saƙo ya zo wa mai unguwa daga daji, kowane gida ya fitar da dami kaza a kai wuri kaza. Gaskiya ita ce ba mu kaɗai ba ne. An aika wa unguwannin da ɗalibi bai taɓa takawa ba, dangin uwarku a wajen Zakka ma sun ce haka aka yi masu. Sai dai wanda ya kawo namu saƙon ya ƙara da cewa an ji bana Allah ya yi mana buɗi. Ƙila haka suke gaya wa kowa. Ƙila kuma daga taga aka ɗauka. Na juya wannan magana a raina fiye da yadda na juya tasbaha, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Aka ɗaura a amalanke aka kai. Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya zage ni, da ma sun yi da na samu sauƙi. A masallaci sai in ga ɗan fili a damana da hagu. In na iso dandali hira ta mutu, wannan ya tuna akuyarshi, wancan ya tuna alwala. Ga mutum irina, wanda in bai yi magana ba cikinshi ke kumbura, wannan ya fi bulala. Haka aka yi wata guda. Ran nan Asabe tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta yi magana.

"Da a gonarka ka tsaya, da na ci ɗamara na tsaya bayanka ko gari zai tashi. Amma ka shiga rumbun mutane da baki. Tashi mu tafi, tun ni ana amsa mani gaisuwa."

Haka muka zo Batsari. Kun ji asalin ɗakin hayar.

Dakta Binta ta neme ni har nan, ta zauna a tabarma kamar ɗiyar gida. Ta ce ita ta buɗe tagogin, a zatonta girmamawa ce, ba ta taɓa tambayarmu abin da ake iya faɗa a fili da wanda ba a iyawa ba. Ta ce da ita ake aunawa da ba ta ba kanta rabi ba. Na ce ta bar mani kayana, taga ba ta magana. Sadisu kuwa ya yi ta bugo waya yana son zuwa. Na ce mashi mun dawo gari ne saboda gwiwar uwarku, a kusa da asibiti. Ya ce Allah ya ba gwiwar lafiya, ya kuma shiryi Katsinawa. Ya san ƙarya nake, ya bar ni da ita. Ina jin wannan ma a wurinmu ya koya.

Damina biyu bayan haka, matar Mati ta tare Asabe a kasuwa da saƙo. Ba a ambaci sunana ba. An ce a gaya wa wancan mutumin ya gaya wa matar nan ta jami'a ta turo wani ɗalibin, ramuka na nan ana yi, amma tsutsa ta addabi gero. Sharaɗi uku ne: ba rubuta sunan kowa, ranar aunawa a rufe ƙofa da taga, biro kuma a ba wani. Na kira Dakta na isar da saƙon yadda yake, har na ukun, ban rage mashi gishiri ba. Ta tambaye ni wa nake gani za a ba. Na ce Mati. Ta ce ya iya rubutu? Na ce ko alif bai sani ba, a ba shi.

Mace aka turo masu a karon. Na ji an ce ashirin da ɗaya Mati ya ba ta, kuma ya zaunar da Farfesa ya yi mashi bayanin taran da ya hana, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki a rufe. Abin da ya faɗa ba wanda ya sani. Na bi ta kowace hanya in ji, har goro na saya wa mai gadin makarantar, ban samu komai ba.

Don haka in wani ya ce maku bakin ubanku ya jawo, kada ku ɗaga hannu. Ku ce rabin maganar ya yi ta don Allah da wani yaro, rabin kuma don a yi mashi dariya, kuma shi da kanshi ya faɗa. Mati yana nan da ranshi, ya rame, yana dogara sanda. Duk ranar kasuwa yakan wuce ta gaban rumfar da nake zama. Har yau bai gaishe ni ba, sai dai bana na lura in ya zo daidai wurin yana rage sauri. In na riga shi barin duniya, ɗayanku ya hau babur ya je ya gaya mashi da kanshi, ya durƙusa yadda ake yi wa uba. Kada ku bari ya ji a bakin mutane.